Eriya Kafin Ado

A hutun da ya wuce, kawuna na Cheberu ya aike ni Birnin Kebbi in sayo wa oba-obarsa kayan haɗi. Irin ta masu sha'awar rediyo ce, wadda ba a magana da ita sai da lasisi. Kuɗin kaɗan ne, ni kuwa idona ya tsaya kan wata jaka mai ado. Sai na tuna darasinmu na kimiyya.

Kawu yana magana a kan megahaz 145, inda tsawon zango ya kai kusan mita 2. Eriyar da ta dace kwatar wannan ce, wato wajen santimita 50. Guntuwar da rediyon ke zuwa da ita ba ta kai murya nesa. Saboda haka doguwa na fara saye, bayan na gwada bakinta, domin ba kowace ke shiga ba. Da canjin na sayi batirin ajiya saboda ranar da babu wuta. Jaka kuwa na haƙura.

'Yan'uwana, kada ku danna maɓallin magana babu eriya, rediyon na iya ƙonewa. Allah ya sa mu amfana da karatunmu, amin.