Yaya Ake Juya Dogon Allo a Kan Raƙumin Ruwa?

Wani matashi daga Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce yakan ga mutane a waya suna tsaye a kan wani dogon allo, raƙumin ruwan teku yana gudu da su, suna karkata shi dama da hagu alhali babu sitiyari. Shi ne yake son sanin ko igiyar da ke ɗaure a ƙafarsu ce linzamin.

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Igiyar nan ba ta juya komai. Amfaninta kawai idan mutum ya faɗi, allon kada ya tsere masa ko ya bugi wani. Juyawar kuwa aikin ƙafa ne da nauyin jiki, sai wani ɗan fiffike da aka kafa a ƙarƙashin allon ta can baya, wanda ke riƙe gindin allon a cikin ruwa kada ya zame. Wani Ba'amurke, Tom Blake, ya fara sa shi a Hawai a 1935. Kafin nan, masu wasan sukan tsoma ƙafa ɗaya a ruwa su ja, da haka suke karkata.

Dogon allo yakan kai ƙafa 9 ko fiye, kuma tsawon nan shi ne daɗinsa, shi ne wahalarsa. Yana saurin kama ruwa, ba ya yawan rawa, shi ya sa ake fara koyo da shi. Amma wajen juyawa sai ka tuna tirelar da ta yi lodin shanu a kasuwar Maigatari: ba ta shan kwana yadda babur ke sha, sai an ba ta fili. In mai koyo ya tsaya a tsakiyar allon ya karkata jiki, gefen allon gaba ɗaya ne zai nutse, allon ya ci gaba da tafiya sak, shi kuma ya faɗa ruwa. Kusan kowa da wannan faɗuwar yake farawa.

Abin yi shi ne ya ja da baya, ya ɗora ƙafarsa ta baya kusa da saman fiffiken, ya ɗan durƙusa, ya danna. Goshin allon zai ɗaga daga ruwa, ɓangaren da ke cikin ruwa ya ragu, sai allon ya yi sauƙin sarrafawa. Daga nan ya juya kansa ya kalli inda yake son zuwa. Kafaɗu za su bi kai, ƙugu ya bi kafaɗu, ƙafafu su kai saƙon ga allo. Yana danna yatsu in zai karkata ta inda yake fuskanta, yana danna dunduniya in ta bayansa ne, kuma wannan na biyun ya fi ba masu koyo wuya. Wanda ya zuba wa ƙafafunsa ido ba zai juya ba.

Da an gama juyawa dole ya matso gaba da sauri, domin danna baya birki ne. In ya daɗe a can, raƙumin ruwan zai wuce ya bar shi. Wannan kai da komo a kan allon, ƙafa tana haye ƙafa, shi ne abin da ya fi burge ni a wasan, kuma da shi ake gane gwani.

Ba sai ka je Hawai ba. A Legas akwai bakin tekun Tarkwa Bay, wanda ake zuwa da jirgin ruwa, inda yaran wurin suka ƙware sosai. Ana yi a Busua ta ƙasar Ghana da tsibirin Ngor a Dakar. Fim ɗin The Endless Summer na 1966 ma ya nuna Amurkawa biyu da dogayen allunansu a Sanigal da Ghana da Najeriya.

In wata rana hanya ta kai ka can, ka fara iya iyo sosai tukuna, don tekun Legas yana da ja. Ka nemi mai koyarwa, ku fara a ruwa iya ƙugu inda raƙumin ya riga ya fashe ya zama kumfa, ka yi ta gwada 'yar karkata kaɗan zuwa dama, kaɗan zuwa hagu. In za ka faɗi, ka faɗi a kwance nesa da allon, hannuwanka suna kare kanka.