Darasi na 14: Littattafan Tarihin Ƙasarmu

A da, Ringim da Dutse suna cikin ƙasar Kano. A 1991 aka kafa Jihar Jigawa. Dutse ta zama babban birninta, Ringim kuma ta sami masarautar kanta. Saboda haka in muna son sanin asalinmu, sai mu fara da littattafan Kano.

Na farko shi ne Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi. Ya jera sarakuna tun daga Bagauda har Muhammadu Bello. Ya ce Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. Muna iya karanta shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Na biyu shi ne Kano ta Dabo Cigari, na Alhaji Abubakar Dokaji. An buga shi a 1958.

To, labarin Ringim fa? Da yawansa yana bakin tsofaffi: zuwan jirgin ƙasa, cinikin gyaɗa, shekarun ambaliya. Tsoho in ya rasu, ya tafi da abin da ya sani. Tun da mun iya rubutu, mu tambaye su, mu rubuta.

Aiki: Kowa ya tambayi wani dattijo wa ya kafa unguwarsu. Ya rubuto layi uku.