Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jagora ga Ɗaliban Manyan Makarantu a Gombe

Kowace shekara samari da 'yan mata suna shigowa birnin Gombe daga Dukku, Bajoga, Kaltungo, Billiri da sauran garuruwa domin neman ilmi mai zurfi. Wasu sukan shiga Kwalejin Ilmi ta Tarayya (Fasaha) da ke kan hanyar Ashaka, wadda aka kafa a 1977, wasu kuma Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004. Iyaye da yawa sai sun sayar da amfanin gona ko dabba kafin su biya kuɗin makaranta. Saboda haka faɗuwar ɗalibi ɗaya asara ce ga gida duka.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne jinkirta karatu har jarrabawa ta ƙarato. A babbar makaranta ba mai bin mutum da bulala. Ɗalibi shi ne mai tsaron kansa.

1. Halartar aji. A kwalejojin horar da malamai, ana bukatar ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Haka kuma maki 40 cikin 100 daga gwaje-gwaje da ayyukan zango yake fitowa, 60 daga jarrabawar ƙarshe. Wanda ya yi sakaci tun makon farko ya riga ya zubar da rabonsa.

2. Bita a kan kari. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum ya fi saurin mantuwa a sa'o'in farko bayan ya koyi abu, kuma maimaitawa lokaci-lokaci ita ce maganinta. Makarantun allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da tishi. Ya kamata ɗalibi ya duba darasinsa ran da aka koyar, ya sake dubawa bayan mako guda.

3. Gwada kai. Karanta shafi sau biyar bai kai rufe littafi a faɗi abin da ke ciki ba. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya suna da amfani ƙwarai a nan, musamman idan abokai uku ko huɗu suka haɗu suna tambayar juna.

4. Zaɓen lokaci. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan hana natsuwa da rana. Bayan asuba hankali ya fi kwanciya. Sa'a biyu kullum, da wayar hannu a kashe, ta fi kwana ba barci daren jarrabawa, domin barci ne ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa.

5. Gudun maguɗi. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, makarantu kuma suna korar wanda aka kama. Malamin da ya sami takardar shaida ta wannan hanya zai cuci ɗaruruwan yara.

Wajibi ne iyaye su riƙa tambayar sakamakon kowane zango, kada su jira shekarar ƙarshe. Ɗalibin da darasi ya shige wa duhu kuwa, ya nemi malaminsa tun cikin makon, kafin wani darasin ya hau kansa.