Zaurancen Na'ura: Yadda Ake Sirranta Murya a Rediyon Oba-Oba

Duk wanda ya kama tashar da masu oba-oba ke magana a kai yana jin abin da suke faɗa, domin iska ba ta da ƙofa. Wannan ne ya sa aka samar da hanyoyin sirranta murya, kuma manazarcin zaurance zai ga hanya ta farko ba baƙuwa ba ce gare shi.

Hanyar ita ce kifar da sauti. Muryar da rediyo ke ɗauka tana tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Sai na'ura ta mayar da sautin ƙasa ya koma sama, na sama ya dawo ƙasa, kamar yadda mai zaurance ke mayar da "gida" ya zama "dagi". Mai saurare zai ji ƙwalaƙwala kawai. Sai dai raunin zaurance shi ne raunin wannan hanya: ƙa'idar ɗaya ce, ba ta sauyawa. Tsayin gaɓoɓi da wuraren numfasawa suna nan yadda suke, kuma duk mai irin na'urar yana iya warware maganar. Lulluɓi ne, ba kulle ba.

Rediyon zamani yakan fara mayar da murya jerin lambobin sifili da ɗaya. Daga nan sai a yi amfani da mabuɗi, wato wata doguwar lamba ta sirri, a haifar da wani jerin da za a cakuɗa da na muryar. Rediyon da ke riƙe da mabuɗin ne kaɗai zai tsame muryar. A tsarin AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, mabuɗin yakan kai gurbi 256, kuma ƙa'idarsa a bayyane take ga kowa. Sirrin yana cikin mabuɗin.

Tsarin TETRA na Turai kuwa ɓoye ƙa'idojinsa aka yi shekara da shekaru. A 2023 masu bincike na kamfanin Midnight Blue da ke Holan suka bankaɗo cewa ɗaya daga cikinsu, TEA1, yana rage mabuɗi mai gurbi 80 ya koma 32. Wannan ya bar mabuɗai biliyan huɗu da 'yan kai, adadin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke lalubewa cikin ɗan lokaci. Masu riƙe da waɗannan rediyoyi sun daɗe suna magana a fili alhali suna zaton a ɗaka suke.