Amsa Ga Mahaifiyar Yaro Mai Lalurar Gani Da Ji

Malama, wasiƙarki ta iso, kuma haƙiƙa al'amarin ɗanki, wanda Allah ya jarrabe shi da rashin gani tare da raunin ji, ya sosa mini rai. Tun da yake ƙofofin ilmi biyu sun ƙuntata gare shi, wajibi ne a karantar da shi ta hannu: kafin abinci ki ɗora masa cokali a tafinsa, kafin wanka ki taɓa masa soso, kullum bisa tsari guda, har ya fahimci abin da ke tafe. Ki kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a kuma auna jinsa, domin sau da yawa akan sami sauran gani ko ji mai amfani. Amma zancen tura shi bara da kika ambata, ina roƙonki, kada ki yarda.