Lissafin iska da girgizar ƙasa a ginin sito da masana'anta a yankin Funtua

Babban sito ko ginin masana'anta yana fama da nauyi iri biyu. Akwai wanda ke danna shi ƙasa, wato kwano da ƙarafa da kayan da aka jibge, akwai kuma wanda ke zo masa ta gefe ko ya ɗaga shi sama, wato iska da girgizar ƙasa. Na farkon kowane magini ya san da shi. Na biyun ake yi wa sakaci, alhali a yankin Funtua da Malumfashi rumbunan masara da na taki da gidajen gurzar auduga galibi a fili fetal suke, gonaki ta ko'ina, ba abin da ke tare musu iska.

Iskar da ke ɓarna ita ce mai zuwa gaban hadari a farkon damina, tsakanin Afrilu da Yuni, yawanci daga gabas. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau huɗu. Mai gudun mita 20 a daƙiƙa tana matsa kusan kilo 25 a kan murabba'in mita, mai mita 40 kuwa kusan kilo 100, tun kafin a yi la'akari da siffar ginin. Rufin da bai da tudu sosai, sama iska ke fizgarsa, musamman a kusurwoyi da bakin kwano. In ƙofar sito tana buɗe ta fuskar iskar, sai ta cika cikin ta turo daga ƙasa, ƙarfi biyu su haɗu a kan kwano ɗaya. Shi ya sa sau da yawa ake tarar da bango lafiya lau, rufi kuwa yana gonar maƙwabci. Kwano ba shi da nauyin da zai riƙe kansa. Ƙusa da noti da walda, da ƙarafan da suka ɗaure ginshiƙi da kankaren harsashi, su ke riƙe shi, kuma nan ne ake yawan rage kuɗi.

Matsalar ta fi girma ga sito na ƙarfe da ake sayowa a shirye daga ƙasashen waje, domin an lissafa shi ne bisa wata ƙa'ida, kuma ƙa'idojin ba bakinsu ɗaya ba. Ta Amurka, ASCE 7, tana aiki da bugun iska na daƙiƙa 3. Ta Turai tana ɗaukar matsakaicin minti 10, tsohuwar BS 6399 ta Birtaniya kuwa na awa guda. A fili, bugun daƙiƙa 3 ya kai kusan ninki 1.4 na matsakaicin minti 10. Wanda ya ɗauki adadin minti 10 ya zuba a lissafin daƙiƙa 3 ya zubar da kusan rabin ƙarfin iskar, takarda kuma ba za ta nuna kuskure ba. Don haka faɗin gudun iska kaɗai bai wadatar ba. Dole a san tsawon lokacin da aka auna, a tabbata a tsayin mita 10 ne, a kuma san shekarun da ake kirdadon maimaituwarta, wanda bisa al'ada 50 ne. Bayanan iska na wajen hukumar NiMet, kuma injiniya mai rajistar COREN ya kamata ya duba lissafin kafin a biya kuɗin kaya.

Girgizar ƙasa hatsarinta kaɗan ne a nan, domin Nijeriya na nesa da bakin manyan farantan ƙasa. Duk da haka ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018, kuma girgizar Accra ta 1939 da ta Gini ta 1983 sun yi kisa. Girgiza nauyi take bi, don haka sito mara nauyi iska ce ke yanke masa hukunci, amma rumbun ƙarfe cike da hatsi da tankin ruwa na sama sun cancanci a lissafa musu ƙarfin gefe. Ginin da ya zauna a kan dutse ya fi samun sauƙi, wanda aka kafa a fadama ko a kan cikon ƙasa kuwa motsin ƙaruwa yake a ƙarƙashinsa, shi ya sa gwajin ƙasa ke zuwa kafin zanen harsashi.