Banki Ya Hana Ka, Amma Sunanka Bai Ɓaci Ba

Ɗana, labari ya iso mini cewa bankin da ka nemi jari a wurinsa can Omdurman ya dawo maka da takardunka, kuma tun ranar ka rasa walwala. Mahaifiyarka ta ce abin da ya fi ci maka rai shi ne ba ka taɓa cin kuɗin kowa ba, cek ɗinka bai taɓa dawowa ba, wanda ka karɓa a baya ma ka biya kafin wa'adi, amma aka ce a'a. Na san zafin wannan. Mutumin da ya tsare amana, in aka rufe masa ƙofa, gani yake kamar an tuhume shi. To ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya tuhume ka. Kyakkyawan suna amsa ce ga tambaya ɗaya tak: shin wannan mutum yana da niyyar biya? Banki kuwa yana da wasu tambayoyin bayan wannan, kuma a cikinsu ne ake faɗuwa.

Tun bayan dokar 2011, Sudan tana da hukumar da ke tattara tarihin masu hulɗar bashi da bankuna, a ƙarƙashin kulawar Babban Banki. Duk mai neman jari ana ba shi lamba tasa ta kansa, kuma da ita ma'aikaci zai ga abin da ka karɓa a ko'ina da yadda ka biya. Naka fes yake, alhamdu lillahi. Sai dai wannan labarin jiya ne. Amfaninsa shi ne a buɗe fayil ɗinka a karanta, maimakon a ture shi gefe. Abin da aka tarar a ciki shi ke yanke hukunci.

Abu na farko da matasa ke mantawa shi ne bankin Sudan ba ya ƙirga maka kuɗi ya ce ka je ka dawo da su da ƙari. Bankin Faisal na Musulunci ya fara aiki a Khartum a 1978, kuma daga 1984, zamanin Numairi, aka karkata dukkan bankunan ƙasar zuwa tsarin shari'a. Mafi yawan abin da ake yi da talaka murabaha ce: banki ya sayi kaya, ya mallake su, ya sayar maka da ribar da kuka sani, ka biya kashi-kashi. Ke nan dole a sami kaya na zahiri, da takardar farashi daga ɗan kasuwa mai rajista. In ka rubuta cewa kana son kuɗin biki, ko na biyan wani tsohon bashi, ko ka ce kawai kana son ƙara jari ba ka faɗi abin da za a saya ba, ma'aikacin ba shi da gurbin da zai sa ka, ko da kai ne mafi gaskiya a unguwar Umbadda. Kuma kowace shekara Babban Banki yana fitar da manufofinsa, ya faɗi fannonin da za a fifita da waɗanda aka rufe. An yi shekarun da aka hana bankuna ba da jarin sayen motoci da filaye, sai abin da aka keɓe. Wanda ya je da irin wannan buƙata a irin wannan lokaci, an riga an ƙi shi tun bai bar gida ba.

Sai maganar abin da kake samu. Mutanenmu da yawa a Khartum da Omdurman da guminsu suke ci: teloli, masu agashe, masu tuƙa raksha (keke mai ƙafa uku), mata masu shayi, masu rumfa a kasuwar Omdurman da kasuwar Libiya. Wasunsu suna samun abin da ya fi albashin ma'aikacin gwamnati, amma kuɗin daga hannu zuwa hannu suke tafiya. Banki ba ya zama a rumfarka ya ga ciniki. Abin da yake karantawa shi ne takardar shige da ficen asusunka na watannin baya. In cinikinka ta manhajar Bankak yake shigowa amma a asusun yayanka, to a idon banki yayanka ne mai ciniki, kai kuwa ba ka da komai. In kuɗi masu yawa suka faɗo sau ɗaya ana gobe za ka kai takarda, shi ma sun san aro aka yi. Abin da ke gamsar da su shi ne shigar kuɗi a kai a kai, ko kaɗan ne, da lasisin kasuwanci mai sunanka.

Bayan wannan sai a auna nauyin da ke kanka. Banki ba ya yarda kashin wata ya cinye fiye da wani kaso na abin da kake samu, don ya san kana da haya da cefane da makarantar yara. Duk wani kashi da kake biya yanzu ana lissafa shi, har da wanda ka tsaya wa wani a matsayin mai lamuni, domin in ya gaza kai za a nema. A nan ne tsadar rayuwa ta yi wa mutanen kirki illa. A Fabrairun 2021 an karya darajar fam daga 55 a kan dala ɗaya zuwa kusan 375, kuma a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 350 cikin ɗari. Ribar murabaha ranar ƙulla ciniki ake yanke ta, ba ta ƙaruwa daga baya. Saboda haka in kuɗi suna narkewa, banki yakan gajarta wa'adi don kada abin da zai karɓa ya zama ba ya sayen komai. Kayan da a da za ka biya cikin wata 36, in aka ce cikin wata 12, kashin wata ya kusan ninka uku. Albashinka bai ninka uku ba. Halinka bai canza ba, lissafin ne ya fi ƙarfin aljihunka.

Akwai kuma jingina da takardu, kuma wannan ya shafe mu Hausawan Sudan fiye da wasu. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyar hajji, wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma noman audugar Jazira ya zaunar da su. Sun gina gidaje, sun haifi 'ya'ya da jikoki, amma maganar takardar zama ɗan ƙasa ta daɗe tana wahalar da zuriyarsu. Har yau za ka ga mutum sunan kakansa a lambar ƙasa dabam, a takardar makaranta dabam, a lasisi dabam. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Haka gida: iyali sun shekara arba'in a ciki, unguwa duk ta shaida nasu ne, amma ba a yi masa rajista a ofishin filaye ba, ko kuma har yanzu da sunan marigayi yake ba a raba gado ba. Irin wannan gida ba ya zama jingina. Mai lamuninka ma ana bincikensa yadda aka bincike ka. In yana da kashin da ya makara, laifinsa kan hau kan takardarka.

Kada kuma ka manta da halin da bankin kansa yake ciki. Tun 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, an wawashe rassa da dama a Khartum da Bahri da Omdurman, manyan ofisoshi suka koma Port Sudan, masu ajiya suka tarwatse, 'yan kasuwar da ake bi bashi kuma rumfunansu suka ƙone. Canjin takardun fam 500 da 1000 da aka fara a Disambar 2024, ɗaya daga manufofinsa shi ne a jawo kuɗi su koma cikin bankuna. Sojoji sun karɓe tsakiyar Khartum a Maris ɗin 2025, mutane suna ta dawowa, amma dawowar aljihun banki ta fi dawowar mutane jinkiri. Wanda abin hannunsa ya ragu dole ya yi zaɓe, kuma yakan fara da noma da manyan buƙatun ƙasa da masu jingina mai ƙarfi. Wani lokaci a'ar da aka ce maka ba ta da alaƙa da kai ko kaɗan.

To me ya kamace ka? Ka bari ranka ya huce, sannan ka koma wurin ma'aikacin da ya duba fayil ɗin, ka gaishe shi da ladabi, ka ce ya nuna maka inda ya gaza. Kada ka je da faɗa, kada ka je da ɗan rakiya mai faɗa a ji. Mafi yawansu za su gaya maka, kuma da ka ji dalili ka san ko abin gyarawa ne. In suna ne, ka bi ofishin rajista ka daidaita shi. In asusu ne, ka tattara cinikinka wuri guda, ka ba shi watanni. In nauyi ne, ka gama biyan wanda ke kanka, ko ka rage abin da kake nema. Kada ka bi bankuna kana watsa takardu ko'ina a mako guda, domin mai zaƙuwa da yawa yana sa a yi shakkarsa.

Ka kuma duba ko ƙofar da ka buga ita ce taka. A 2007 Babban Banki ya nemi bankuna su ware kashi 12 cikin ɗari na jarin da suke bayarwa ga masu ƙananan sana'o'i. Bankin Iyali, wato Bank al-Usra, da aka kafa a 2008, da Bankin Tanadi da Raya Al'umma, don irin su tela da mai raksha aka yi su, kuma sharuɗɗan jinginarsu sun fi sauƙi. Ga kuma adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduk. Iyayenku mata sun aurar da 'ya'ya da shi, sun yi rufin ɗaki da shi, kuma a can kyakkyawan sunanka shi kaɗai ya ishe ka jingina.

Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada takaici ya kai ka ga hanyar da ba ta da kyau. Za ka haɗu da wanda zai ce ya san ɗan kasuwar da zai rubuta maka takardar kayan da babu su, ko ka karɓi kaya ka karyar da su a kasuwa ƙasa da farashi don ka sami tsabar kuɗi. Wanda ya yi haka ya fara da asara tun ranar farko, kuma ya ƙulla ciniki a kan ƙarya. Za ka haɗu da wanda zai ba ka kuɗi nan take, ya ce ka sa hannu a cek ba tare da an rubuta adadi ba. Ka sani cek ɗin da ya dawo laifi ne a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, kuma kowa a garin nan ya san gidan da aka tsare maigidansa sai ya biya. Da yawansu mutanen kirki ne irinka, gaggawa ce ta kai su. Haka nan kada kunya ta sa ka tsaya wa wani a kan adadin da ba za ka iya biya da aljihunka ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka neman sa ba abin kunya ba ne. Amma kafin ka koma, ka zauna da takarda da alƙalami ka tambayi kanka: abin da zan saya zai haifar da kuɗin da zai biya kansa? In kasuwa ta tsaya wata biyu, daga ina kashi zai fito? In ka sami amsar da za ka iya faɗa wa mahaifiyarka ba tare da inda-inda ba, to ka shirya takardunka ka koma da ƙarfin gwiwa. In ba ka samu ba, to bankin ya ga abin da ya kamata kai ka fara gani, kuma jinkirin alheri ne a gare ka. Ko daga wa ka karɓa, ko da ɗan'uwanka ne, a rubuta a sa shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarta.

Shekaru ka yi kana tara amincin da mutane suka shaide ka da shi, kuma takardun da suka rage 'yan watanni za su ishe ka gyara su. Ka yi haƙuri ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya buɗa maka ta halal, ya raba ka da bashin da ya fi ƙarfinka, ya zaunar da Sudan lafiya. Ka gaida mutanen gida.